Turancin da Ya Hana Mu Iri

An buɗe wata makarantar kuɗi a bayan katangar gidana, kuma tun daga ranar hantsina ya daina zama nawa. Da na shimfiɗa tabarma a inuwa sai muryar malaminsu ta tsallako: "Make ends meet!" Ɗalibai su amsa baki ɗaya da ma'anarta. Ya sake jefa wata, su sake cafewa, haka za su yi ta yi har a tashi tara. Ba hayaniyar ce ke damuna ba. Na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu, kunnena ya saba da wadda ta fi wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka koya mana adon maganar Turawa tun muna samari, haka ake koyar da shi har yau, ko wasali ba a canza ba: ga magana, ga ma'ana, a haddace. Babu mai gaya wa yaro wane ne ke faɗin wannan magana, wa yake faɗa wa, kuma cikinsa a ƙoshe yake ko a wofi lokacin da yake faɗin ta. Rannan haƙurina ya ƙare, na ɗauki sanda na zagaya na sami malamin, saurayi mai ladabi, har da durƙusawa. Na yi masa wannan tambaya. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ba a kawo wannan a jarrabawa." Na ce masa gaskiyarsa, na dawo na zauna da takaicina.

Mu a kwalejin horon malamai muka gamu da abin. Malaminmu na Turanci wani dogo ne mai son tsabtar rubutu. Ya sa kowa ya sayi littafi na musamman, a ja layi a tsakiyar kowane shafi: hagu maganar, dama ma'anarta. Irin maganganun nan ne da kalmominsu ke faɗin wani abu, manufarsu kuma tana wani wuri, kamar yadda mu muke cewa wane ya ci amana ko wane ya sha kashi ba tare da an tauna ko an haɗiye komai ba. In ka rubuta insha'i, duk inda ka saka ɗaya sai ka ja mata layi a ƙasa don kada idon malam ya tsallake ta, kuma kowane layi da makinsa. Sai muka mai da abin gasa. Ba mai cewa abu ba ya faruwa sosai, sai "once in a blue moon." Ba mai cewa abokinsa yana kewaye-kewaye, sai "you are beating about the bush." A ɗakin cin abinci, a bakin famfo, har a layin alwala muna jifar juna da su. Ni kuwa na fi kowa. Littafina ya cika na sayi na biyu. Akwai insha'in da na rubuta a kan ranar kasuwar Sabon Birni, da malam ya ɗaga shi a gaban aji sai ka ce zanen saƙi saboda yawan layuka, kuma na rantse ko ni da na rubuta ba zan iya gaya maka abin da aka sayar a kasuwar ba. An tafa mini. Ban taɓa jin Bature ya faɗi ko ɗaya daga cikinsu da bakinsa ba, amma a raina na gama Turanci.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sabon Birni da Isa, ba nisa da gulbi. Kafin fari, ba ka buƙatar agogo a garin nan. Da asuba kukan guga a bakin rijiya, da hantsi luguden mata, kowane gida da irin sautin turminsa, har kana iya cewa wannan na gidan Liman ne, wancan na gidan maƙera. Da kaka ta yi sai sussuka ta cika gari, Fulani su sauka a gonaki shanunsu su ci kara su bar mana taki, matansu su shigo da nono a ba su gero. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da wana. Da aka zo ɗaukar yara boko, shi aka fara nunawa, Baba ya ce ba zai ba da babba ba, aka tura ni. Tun daga nan duk kuyyar da ya kamata in noma a gandu, wato layin shukar da ke rabona, shi ya noma ta, ya gama tasa ya shiga tawa, shekara da shekaru, bai taɓa yi mini gori ba. Iyakarsa in na dawo hutu ya kama tafin hannuna ya murza ya ce, "Kai, wanga hannu ko na amarya." Mutum ne mai ƙarancin magana. A lokacin da nake ba da labari yana da mata da 'ya'ya biyu ƙanana, ni kuma na gama kwaleji ina zaune gida ina jiran a tura ni aiki.

Shekarar ce ta biyu da ruwa ya ƙi. Ta farko an ci na rumbu, an sayar da awaki. Ta biyu gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin bazara an kai ga abin da manomi ba ya taɓawa sai ya ga mutuwa da idonsa, wato damman da ake warewa don iri. Mata suka shiga daji neman anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa kafin su ciwu. Wasu suka koma tonon gidan tururuwa. Amma da baƙo zai ratsa garin, zai rantse muna cikin wadata. Inna takan zuba dusa a turmi ta yi ta lugude da ƙarfi don maƙwabta su ji gidan ana daka, su ma maƙwabtan abin da suke yi ke nan, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba. Masu zuwa anza sukan fita ɗaya-ɗaya da igiya a hannu a ce itace za su. Baba da kansa ya hau rumbunmu da ba komai ciki sai kashin ɓera, ya yi masa sabuwar baibaya. In ka gai da mutum ka ce ina gida, ko jiya ya binne ɗansa zai ce maka sai godiya. Rufin asiri ake kiran wannan, kuma kada wani ɗan zamani ya yi saurin yi masa dariya. A shekarun lafiya yana aiki. Magidanci ba ya cewa ba shi da abinci. Iyaka ya ce wa amininsa, "Gida ya yi sanyi kwana biyu," kafin la'asar a ga ƙwarya a rufe da faifai ta shiga gidan, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi gori. Abin da ya ɓaci a wannan shekara shi ne duk gidajen sun yi sanyi tare, babu mai ƙwaryar aikawa.

Ana cikin haka labari ya zo daga Isa cewa an kawo agajin hatsi da irin shuka, amma kayan ba su kai yawan garuruwa ba. An ce kowane maigari ya aika da takarda da Turanci ya bayyana halin da garinsa ke ciki, da ita jami'in rabon zai duba inda mota za ta fara zuwa. Maigari ya tara dattawa a ƙofar gidansa da hantsi, aka aika aka kira ni. Na sa farar rigata ta kwaleji, na soke alƙalami a aljihu yadda kowa zai gan shi.

"To, malamin boko," in ji Maigari, "yau ranarka ta. Mi za ka rubuta muna?"

A gaskiya da farko hanya madaidaiciya na kama. Na ce, "Ranka shi daɗe, cewa za ni yi rumbuna sun ƙare, mun cinye iri, mata na cin anza, yara sun hwara kumburi."

Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar yadda na gan ta ranar ba.

"Rumbun wa kal leƙa?" ya ce. "Nawa, ko na Liman? Wa yag gaya maka abin da matan mutane ka ci?"

Sarkin Noma, wani tsoho mai ban dariya da ba a raba shi da asawaki, ya karɓe. "Ku tsaya ma tukuna. Kun san wa za a kai ma takardag ga? An ce Bayarabe na."

Nan wuri ya kaure, wasu na dariya, wasu na salati. Wanda bai san mu ba zai ce mene ne a ciki. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasan taubasantaka tun kaka da kakanni. Duk inda Bagobiri ya haɗu da Bayarabe sai sun yi wa juna tsiya, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, kuma ba a fushi. Amma wasa ne da ba a yarda a ba abokin wasa makami.

"Mu Gobirawa," in ji Sarkin Noma, "mu ɗauki alƙalami da hannunmu mu rubuta ma Bayarabe yunwa ta kada mu? Wallahi har jikokinmu ba su ƙara shiga kasuwa da kai sama."

Wana yana zaune can baya inda matasa ke zama. Ban taɓa jin ya yi magana a taron dattawa ba sai ranar. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni dai a rubuta babu iri. In kunya ta, a sa sunana ni ɗai."

"Ruhe muna baki," in ji Baba. "Manya na magana."

Maigari mutum ne mai sanyin hali, ya ɗaga hannu aka natsu, sannan ya juyo gare ni. "Yaro, ni in nit tahi gaban Sarki ba ni cewa ina jin yunwa. Cewa nika yi gida ya yi sanyi, shi ko ya san abin da nika nuhi. Su Turawa ba su da irin wagga magana? Dut karatun ga da kay yi, ba a koya maka yadda mutum ka roƙo da mutuncinai ba?"

Da a ce na yi shiru na minti ɗaya na yi tunani! Ina. Tambayar ta faɗo daidai kan abin da na fi taƙama da shi a duniya. Na ce, "Akwai, ranka shi daɗe. Littahi biyu gare ni cike da su."

Na ruga gida na ɗauko. Na zauna a tsakiyar dattawan garinmu ina buɗe shafi, ina karantawa, ina fassarawa, suna zaɓe kamar masu zaɓen goro. "We are tightening our belts," na ce musu manufarta mun tamke ɗamara mun rage ci. Suka ce madalla, maganar maza ke nan, a sa. "We are keeping our heads above water," wato wahala ta kai mana wuya amma ba mu nutse ba. Liman ya gyaɗa kai ya ce wannan akwai tawakkali a cikinta. "We are struggling to make ends meet," muna fama mu ga mun lallaɓa da ɗan abin da ke hannu. "We are trying to keep the wolf from the door," muna ƙoƙarin tare yunwa a bakin ƙofa kada ta shigo. Wannan ta fi burge Sarkin Noma, ya ce ashe Turawa ma sun san magana. Ina so a fahimce ni da kyau: ban kuskure ma'anar ko ɗaya ba. Da malaminmu zai duba, maki cikakke zai ba ni. Ko Baba, da ya tashi, sai da ya dube ni da wani irin kallo da na daɗe ina nema a wurinsa.

A hanyar komawa gida wana ya tare ni a gindin wata bagaruwa.

"Kai," ya ce, "cikinsu wa ya iya karanta boko?"

Na ce babu.

"To ka rubuta ma mutumen ga gaskiya tsirara. Babu hatsi, babu iri. In ka zo karanta ma su Baba, ka karanta musu abin da suka son ji. Wa za shi sani?"

"Yaya, ƙarya kaka so in yi ma Baba da Maigari?"

"Ita nika so. Guda ɗai." Sannan ya ce, "Ka ga ƙaramin ɗana, ka ga ƙahwahunai. In ruwa ya sauka ba ni da abin da za ni sa ƙasa, kwashe su za ni yi in yi kudu. Na gaya maka tun yanzu."

Na ce masa amana ce aka ba ni, ba zan ci ba. Na yi shekaru ina gaya wa kaina wannan ne dalili, kuma akwai shi a ciki. Amma tsufa ya hana ni ci gaba da yi wa kaina ƙarya. Babban dalilin shi ne ina son mutumin nan na Isa ya buɗe takarda daga wani ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba, ya ga Turancin da zai sa ya gyara zama. Takarda mai cewa babu hatsi, babu iri, ai ko ɗan aji uku zai rubuta ta. Na kwashe yini guda ina kwafe tawa da kyakkyawan rubutu. Saura kaɗan in ja wa kowace magana layi a ƙasa, sai na tuna ba jarrabawa ba ce.

Na ari keke na kai ta Isa. Jami'in ya fita rangadi, na bar ta a hannun masinja na dawo. Muka shiga jira. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Sau biyu muna jin kukan babbar mota a kan hanya, mutane su fito bakin gari, ta wuce wani ƙauyen. A na uku Maigari ya ce in koma in ji ko takardar ta ɓata.

Ba ta ɓata ba. Na sami jami'in a wani ɗaki mai zafi, mutum ne mai matsakaicin shekaru da tabarau, idanunsa sun yi ja don gajiya. A kan teburinsa takardu ne kashi uku, kowane kashi an danne shi da dutse. Da na faɗi sunan garinmu sai fuskarsa ta washe, ya sa hannu a kashi na ƙarshe ya zaro tawa. Hausarsa tana fita sosai, da alama ya daɗe a Arewa.

"Kai ne ka rubuta wannan? Zauna, zauna. Na karanta ta sau biyu don daɗi. Akawuna ma ba zai iya rubuta irinta ba."

Allah ya gafarta mini, a wannan lokacin ma sai da kaina ya kumbura.

"To me ya kawo ka?" ya ce.

Na ce, "Iri, ranka ya daɗe. Har yanzu mota ba ta zo mana ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Iri? Ai ku kun ce kuna lallaɓawa."

Na fara jawo masa ma'anoni kamar yadda suke a littafina. Ya ɗaga hannu ya ce ya san ma'anarsu, ba a nan matsalar take ba. Ya ce shi ma jiya ya gaya wa wani abokinsa yana "tightening" ɗin "belt" ɗinsa, abin da yake nufi kuwa ya daina cin nama kullum. Ya ce waɗannan maganganu ne na ma'aikaci a ƙarshen wata, na ɗan kasuwar da ciniki ya ja baya, mutanen da suka matsu amma suna da abin da za su ci gobe. Wanda ya ce maka kansa na saman ruwa, cewa yake yi kada ka damu da shi, je ka ceci wani tukuna. Ya nuna kashin farko ya ce waɗannan su ne garuruwan da ake mutuwa, na biyu waɗanda ke dab da haka, na uku masu iya jira. Sannan ya zaro wata takarda daga kashin farko ya miƙo mini. Da fensir aka rubuta ta, a kan fallen da aka yago daga littafin ɗan makaranta: "No food. We eat the seed. Children sick. Please come." Da ɗalibina ne ya kawo mini ita, da jan biro zan cika ta. Garinsu mota ta fara zuwa.

Sai na gaya masa komai, da Hausa, ba ado. Anza, gidan tururuwa, rumbun Baba mai sabuwar baibaya, ƙafafun ɗan wana. Na gaya masa har abin da Sarkin Noma ya ce. Na sunkuyar da kai ina jiran tsiyar da dattawanmu suka fi tsoro fiye da yunwa. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya riƙe goshinsa.

"Haba Bagobiri," ya ce a hankali. "Haba. Ni da nake da garuruwa fiye da buhuna, ina zan sami lokacin yi muku dariya? Me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ya ɗauki takardata ya yi rubutu a kanta da jan biro, ya sa ta a saman kashin farko. Ya ce hatsin ci zai yi ƙoƙari mu samu a mota mai zuwa. Iri kam ya ƙare tun shekaranjiya, kuma bai ga alamar wani zai iso kafin shuka ba.

Da na dawo, abin da na gaya wa dattawa shi ne kaya sun ƙare kafin a zo kanmu. Ban ƙara ko kalma ba. Sarkin Noma ya ce dama Bayarabe ba ya jin magana sai an buga masa ganga. Baba ya ce, "Allah bai nuhwa ba. Ko ba komi, ba mu zub da girmanmu ba." Na zauna a wurin ina jin kamar in yi ihu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban san wa zan fi jin haushi ba. Su da suka ɗauka duk duniya maƙwabcinsu ne, wanda zai ji an ce gida ya yi sanyi ya gane? Ko malamin da ya cika mana littafi da maganganu bai taɓa gaya mana na masu ƙoshi ba ne? Ko ni da aka nuna wa hanya a gindin bagaruwa na ƙi bi? Yanzu zamani ya juya gaba ɗaya. In an ce za a raba tallafi, mai rumbu cike shi ke fara rubuta suna, ya fi kowa iya kuka, har a ɗauki hotonsa da buhu a ka. Wannan ma ba ya burge ni ko kaɗan. Ina kewar mutanen da ke jin kunyar roƙo, ina kewarsu ƙwarai, amma na ga abin da kunyar ta ci.

Ruwa ya sauka wata ranar da la'asar, mai yawa, irin wanda ake kira na shuka. Ƙanshin ƙasa ya cika gari. A shekarun baya washegarin irin wannan rana ba ka samun kowa a gida sai tsofaffi da jarirai: maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wannan karon mutane suka tsaya a ƙofar gidajensu suna kallon gonaki jiƙe. Wasu suka bazama wurin dangi. Baba ya taka har Gangara wurin wani ɗan'uwan Inna, ban san abin da ya ce masa ba, ya dawo da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Ya ishi gonar bayan gida. Gandun da wana ya yi shekaru yana nomawa ko kusurwarsa ba a taɓa ba. Hatsin ci ya zo daga baya kamar yadda jami'in ya yi alkawari, ya kuma ceci rayuka, amma kafin nan lema ta bushe, wana kuma ya riga ya ɗaure kayansa.

Ni na yi musu rakiya zuwa bakin hanyar mota. Matarsa na gaba da ƙaramin a goye da ƙullin kaya a ka, shi yana saɓe da babban a wuya. Da muka hango hanya na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun dama ba. Na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba: kashi ukun nan, takardar fensir, da abin da mutumin ya ce. Na gaya masa da na bi shawararsa da motar farko tamu ce. Ina jira ya zage ni, ko ya sauke yaron ya mare ni, wallahi da na ji sanyi.

Ya ci gaba da tafiya, sai can ya ce, "Amma ya yaba Turancin?"

Na ce, "Ya yaba."

"Ƙwarai?"

"Ƙwarai, Yaya."

Ya gyara wa yaron zama a wuyansa. "To madalla. Ashe ba banza nin noma kuyyarka ba. Koma gida, rana ta yi."

Na tsaya a wurin har motar da ta ɗauke su ta ɓace. Ban san ko da zuciya ɗaya ya faɗi maganar nan ba ko baƙar magana ce ya gaya mini, shi da bai taɓa yi mini gori ba. Na ce in ya dawo da kaka zan tambaye shi. Bai dawo da kaka ba, bai dawo da wadda ta biyo ta ba, kuma a can kudu aka binne shi.